Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Muhalli Na Jihar Kaduna Kan Kwaɗi, Macizai Da Sauran Namun Dajin Ƙasar Zazzau

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, daga Zariya nake rubuto maka wannan wasiƙa. Ni tsohon malamin kimiyyar halittu ne, na ƙare ƙuruciyata a azuzuwan makarantun sakandare har na yi ritaya, kuma ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Ina magana ne da yawun wasu abokan aikina malamai, da manoman rani da ke aiki a fadamun Kubanni da Galma, da wasu dattawan mafarauta, da tsofaffin ɗalibaina da yanzu suke nazarin dabbobi a jami'a. Mun sha zama muna koke a tsakaninmu, har muka ga cewa kukan da ba ya fita daga zaure ba zai yi wa kowa magani ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani kududdufi ne da ke bayan ganuwar birni. Shekara da shekaru, da zarar ruwan damina ya zauna, nakan kwashi ɗalibai da bokitai mu je can, su ga ƙwan kwaɗi da idonsu, wani a dunƙule, wani a jere kamar carbi a cikin yauƙi, sannan mu riƙa komawa mako-mako har 'ya'yan su fitar da ƙafafu, wutsiya ta ɓace. Bana da na je, sai na tarar an cike shi da ɓaraguzai da shara, an yanka fuloti, har an fara jera bulo. Ba zan ambaci wanda ya sayar ko wanda ya sa hannu ba, domin ba ƙarar mutum na kawo ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, kafin a zuba tifar farko babu wanda ya zo ya duba abin da ke rayuwa a cikin ruwan nan, balle ya rubuta. An binne shi yadda ake binne juji, alhali gida ne na halittu masu yawa.

Daga nan kokenmu na farko ya taso: abin da muke da shi yana ƙarewa ba tare da an ƙidaya shi ba. A duniya an yi wannan lissafi. Babban binciken da aka fitar a 2023, wanda ya duba nau'o'in kwaɗi da danginsu sama da 8,000, ya nuna cewa kashi 41 cikin 100 suna fuskantar barazanar ƙarewa, kuma babu wani rukunin dabbobi masu ƙashin baya da ya kai su shiga haɗari. Wani binciken na 2022 kan dabbobi masu jan ciki, wato macizai da ƙadangaru da kunkuru da kadoji, ya gano cewa kashi 21 cikin 100 suna cikin irin wannan hali. To, a ƙasar Zazzau fa? Abin da ke hannun malamin makaranta da manomi bai wuce tunanin dattawa ba. Su ne ke ce mana a da kukan burduddugi kan hana mutum barci a daren damina, shamuwa kan cika bishiyoyin unguwa ta yi sheƙa, damo da guza ba abin nema ba ne a gindin duwatsu irin su Kufena. Shaidar dattijo abar girmamawa ce, amma ba za a iya shigar da ita cikin rahoton tantance illar aiki ga muhalli ba, wanda dokar 1992 ta wajabta kafin manyan ayyuka. Idan babu lissafin jiya, duk wanda ya ce aikinsa bai cutar da komai ba, babu mai iya ƙaryata shi.

Kada a ɗauka cewa masana sun gama sanin dabbobin nan tuntuni. Kububuwa, wadda ta fi kowane maciji kashe mutane a arewacin Nijeriya, an daɗe ana ɗaukar ta nau'i guda a wannan yanki na Afirka, sai a 2018 aka bayyana cewa a cikinta akwai wani nau'in daban. Idan macijin da likitoci suka shafe shekara 50 suna bin diddiginsa zai iya ɓoye irin wannan sirri, me za a ce game da ƙananan kwaɗin da ke fitowa 'yan makonni kawai a shekara, sannan su koma ƙarƙashin ƙasa su jira wata daminar?

Koke na biyu shi ne yadda ake cinye kududdufai da fadamu. Kududdufan Zariya yawancinsu ramuka ne da kakanninmu suka haƙa don samun ƙasar gini, daga baya suka zama matattarar ruwan sama. Garin da ke samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan duka a cikin watanni biyar zuwa shida, dole ruwan nan ya sami inda zai zauna. Idan aka cike masa wurinsa, zai nemi wani, kuma wurin da yake samu shi ne tsakar gidajen talakawa da gindin katangunsu na ƙasa. Wannan ɓangaren kowa ya san shi. Ɓangaren da ba a faye magana a kai ba shi ne na kwaɗo. Ƙwansa ba shi da ɓawo, ba ya rayuwa sai a ruwa, kuma 'ya'yansa suna buƙatar ruwan da zai tsaya makonni kafin su iya fita tudu. Suna ƙanana suna cin gansakuka, idan sun girma su koma cin ƙwari, da fara, da gara, da tsutsotsin da ke ɓarna a gona. Su kuma abinci ne ga shamuwa da zalɓe da kifi da macizai. Kududdufi ɗaya da aka cike yana iya yanke haihuwar kwaɗin unguwa guda, domin kwaɗo ba tsuntsu ba ne da zai tashi ya tsallake titi da gine-gine ya nemi wani ruwan.

Na san amsar da za a ba ni, domin maƙwabtana ma ita suke ba ni: kududdufi gidan sauro ne, kuma yara kan faɗa ciki. Wannan gaskiya ne, ba na musu, kuma ba zan yi da'awar cewa kwaɗi kaɗai za su kawar da zazzaɓin cizon sauro ba. Amma a lura da bambanci tsakanin ruwan da ke da rai, mai kifi da kwaɗi da ƙwarin ruwa masu cin tsutsar sauro, da ruwan da aka mayar juji, ya cika da leda da gwangwani da ruwan kwata. Na biyun ne ke wari, shi ne ke kawo cuta, kuma mu ne muka mayar da shi haka. Maganinsa shi ne a yashe, a kewaye, a hana zuba shara, ba a yanka shi fuloti ba.

Na uku, maganin feshi. Ba na ganin laifin manomi da ya koma ga maganin ciyawa, domin kuɗin ƙwadago ya fi ƙarfinsa. Amma ranka ya daɗe, ka zo fadama da rani ka ga inda ake wanke injin feshi: a bakin rafin ne, kuma a nan ake jefar da robar maganin. Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, da ita kuma yake wani ɓangare na numfashinsa, saboda haka duk abin da aka zuba a ruwa kai-tsaye yake shiga jikinsa. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa maganin ciyawa na atrazine, ko da ɗan kaɗan ne a ruwa, yana iya lalata halittar haihuwar mazan kwaɗi, kuma Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da shi tun 2004. Ga kuma masu zuba guba a ruwa don kamun kifi, waɗanda ke kashe babba da ƙarami a rana ɗaya. Ruwan nan kuwa ba na kwaɗi kaɗai ba ne. Daga madatsar Kubanni jama'ar Jami'ar Ahmadu Bello ke sha, daga Galma ake ba gari ruwa, kuma da shi ake ban-ruwan tumatir da latas da kabejin da muke ci. Idan fadama ta yi shiru da daddare a tsakiyar damina, ya kamata mai hankali ya tambayi abin da ya shiga ruwan, tun kafin amsar ta bayyana a gadon asibiti.

Yanzu na zo kan macizai, inda na san zan rasa goyon bayan masu karatu da yawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma ban ga laifinsa ba. Ni kaina na ga abin da dafi ke yi. Ƙanen wani tsohon ɗalibina, yaro mai ƙwazo, maciji ya sare shi a ƙafa yana tattara dawa da kaka. Aka ɗaure ƙafar tamau da tsumma, aka tsaga wurin da reza, aka ɗora baƙin dutse, aka kwana biyu ana jiƙe-jiƙe, sai da jini ya fara fita ta dasashinsa sannan aka nufi asibiti. A can aka ce babu maganin dafi, sai dai a je a nemo. Mahaifinsa ya sayar da tumakinsa kafin a samo allurar. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi, amma har yau yana ɗingishi. Washegarin dawowarsu, matasan ƙauyen suka banka wa dajin da ke kewaye wuta, suka kashe duk abin da ya fito, har da wata mesa da ba ta da dafi ko kaɗan, da bushiya, da kunkuru.

Jahilci guda ne ya cuci yaron nan, ya kuma cuci dajin. Babu wanda ya taɓa gaya wa iyayensa cewa ɗauri da tsagawa da tsotsa da baƙin dutse ba sa cire dafi, sai ma su ƙara ɓarna, kuma abin da ake so shi ne a kwantar wa mutum da hankali, a hana gaɓar motsi, a gaggauta kai shi asibiti. Babu kuma wanda ya taɓa nuna wa matasan nan cewa a cikin nau'o'in macizai sama da 3,000 da ke duniya, kimanin 200 ne kawai ake lissafawa a matsayin masu haɗari sosai ga ɗan Adam, kuma a wajenmu manyan masu ɓarnar su ne kububuwa, da kasa, da gamsheƙa da danginta. Sauran da yawa ɓeraye suke ci. Manomin da ya share macizan gonarsa kaf, ya buɗe wa ɓera ƙofar rumbunsa, kuma ɓera ba hatsi kaɗai yake ci ba. Wani nau'insa ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, Zariya ce ta koya wa duniya abubuwa da yawa a kan wannan matsala. A shekarun 1970, likitan nan ɗan Ingila, David Warrell, da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello suka yi nazarin saran kububuwa da kasa da gamsheƙa, nazarin da har yau ake kafa hujja da shi. Daga irin aikin nasu ne aka san gwajin nan mai sauƙi, inda ake zuba jinin wanda aka sara a cikin kwalba mai tsabta a jira minti 20. Idan bai daskare ba, an san dafin mai hana jini daskarewa ya shiga jiki. A yau asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna wajen jinyar saran maciji, kuma a Jami'ar Bayero ta Kano, Farfesa Abdulrazaq Habib da ɗalibansa sun ɗauki wannan fanni da muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara ta wannan hanya, ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017, ta kuma ƙuduri rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Ina namu shirin a ƙasar da aka fara aikin?

Akwai kuma abin da mai kashe maciji bai sani ba. Maganin dafin EchiTAb, wanda ya ceci rayuka masu yawa a ƙasar nan, da dafin macizan Nijeriya aka haɗa shi. An kama su da rai, an kai su Libaful a Ingila ana tatsar dafinsu, ana yi wa tumaki ko dawaki allurarsa kaɗan-kaɗan har jininsu ya samar da garkuwa, daga jinin kuma a tace maganin, wani a Birtaniya, wani a Kosta Rika. Maganin da aka haɗa da dafin macizan wata nahiya sau da yawa ba ya aiki yadda ya kamata a kan namu. Haka kuma maganin hawan jini na captopril, wanda dattawa da yawa ke sha, daga nazarin dafin wani macijin Barazil aka samo shi. Saboda haka sanin macizanmu, da inda suke, da lokacin da suke fitowa, aikin ceton rai ne kafin ya zama aikin kare dabba.

A taƙaice zan taɓo kasuwa. A rumfunan masu magungunan gargajiya ana ganin kan ungulu, da busasshiyar hawainiya, da ƙoƙon kunkuru. Fatun mesa da guza suna tafiya wurin majema da dukawa. Busassun kwaɗi kuma ana loda su a buhuna zuwa kudu. Ungulun da muka taso muna gani a kowace mahauta an sanya ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa tun 2015, kuma duk mahaucin da ya manyanta zai gaya maka rabonsa da ganin ta a kan rufin kwata. Indiya ta rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulunta saboda maganin dabbobi na diclofenac, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Dokoki muna da su: akwai dokar namun daji ta tsohuwar Jihar Arewa ta 1963, akwai ta tarayya ta 1985 wadda aka yi wa gyara a 2016. Amma ɗan kasuwar da ke sayar da kan ungulu bai taɓa jin labarinsu da harshen da yake ji ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Muna roƙon ma'aikatarka ta sanya kuɗi a kasafinta don a yi cikakkiyar ƙidayar kwaɗi da macizai da sauran masu jan ciki a ƙananan hukumomin Zariya, Sabon Gari, Giwa, Soba da Kudan, a ƙalla damina uku a jere, domin damina ɗaya ba ta isa a gane ƙaruwa ko raguwa. Ba sai an ɗauko kowa daga waje ba. Ga masana dabbobi da likitocin dabbobi a Samaru, ga ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke neman abin da za su yi bincike a kai, waɗanda sau da yawa kuɗin mota zuwa daji ne kawai ke hana su. A haɗa su da mafarauta da manoma da makiyaya, a biya su ladan iliminsu, domin mafarauci ya san ramin da damo ke kwana fiye da kowane littafi. Idan an gama, kada sakamakon ya tsaya a kan kanta cikin Turanci. A buga shi da Hausa, boko da ajami, da hotuna masu launi, ya shiga makarantu da asibitocin karkara.

Muna roƙon a yi rajistar kududdufai da fadamun da suka rage a cikin birni da kewaye, tare da hukumomin da ke kula da filaye da tsara birane, a dakatar da yanka fuloti a kansu har sai masana sun duba sun tantance waɗanda dole a bari. Waɗanda aka zaɓa a yashe su, a kewaye su saboda yara, a damƙa kulawarsu a hannun masu unguwanni. Game da feshi kuwa, muna so hukumar kare muhalli ta jiha da malaman gona su shiga fadamu da kansu kafin noman rani, su nuna tazarar da za a bari tsakanin feshi da bakin ruwa, a samar da wurin tara robobin magani, a kuma hukunta mai zuba guba a rafi ko wane ne shi.

Muna roƙon ka zauna da takwaranka na ma'aikatar lafiya a kan maganin dafi, ya kasance akwai shi, na gaske wanda ya dace da macizanmu, a manyan asibitocin wannan yanki, musamman lokacin shuka da lokacin girbi, kuma jama'a su san asibitin da za su nufa ba tare da yawo ba. A horar da wasu matasa a kowace ƙaramar hukuma kan yadda ake kama maciji a fitar da shi daga gida lami lafiya, a ba su kayan aiki da lambar waya da kowa ya sani. A sauƙaƙa wa manoma samun takalmin roba mai tsawo da tocila, tunda mafi yawan sara a ƙafa yake faruwa.

Batun kasuwa kuma, muna ba da shawarar a fara da zama kafin kame. A bi ta Masarautar Zazzau a kira shugabannin masu maganin gargajiya, da na mafarauta, da majema, a karanta musu dokar da Hausa, a ji ta bakinsu, a ba su wa'adi. A nemi taimakon malamanmu a mumbari da makarantun zaure. Su suka fi mu sanin cewa Alƙur'ani a Suratul An'am ya kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu, kuma ya zo a hadisi cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sanya kwaɗo a cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Addini ya halatta kashe macijin da ke barazana ga rai, ba mu ce a bar shi ba, amma bai ce a ƙone daji don neman sa ba.

Daga ƙarshe, muna roƙon ka ba mu amsa a bainar jama'a, ka kuma turo wakilai, ko ka zo da kanka, kafin saukar damina mai zuwa. Za mu zagaya da ku kududdufan da suka rage, mu haɗa ku da manoman da suka yarda su yi magana. Ni kuma ina da littattafan rubutu da ɗalibaina suka cika tsawon shekaru, ɗauke da ranakun da muka ga ƙwai, da zanen abin da muka kama muka saki, daga wancan kududdufin da aka cike. A shirye nake in miƙa su ga duk masanin da ma'aikatarka ta ɗora wa wannan aiki.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Naka cikin girmamawa,
Tsohon malamin kimiyyar halittu, a madadin malamai, manoma da mafarautan da muka yi shawara tare,
Tudun Wada, Zariya.